Ƙanƙara a Kan Ƙarfen Po Lin

Po Lin, kan dutsen Mau Son
Satumba, 2007

Zuwa ga ƙanwata Liu,

Gaisuwa mai yawa daga ni yayanki Sinh, da matata Pham, da 'yarki Nai wadda ta fara zuwa makaranta bana. Ina fata ke da mijinki Khoa kuna lafiya a Da Nang, kuma zafin bakin teku bai gama soya ki ba. Mu nan lafiya lau. Shinkafar tudu ta yi kyau, lemon tsami ya yi 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa, ɓaunarmu kuma ta haihu. Inna na cin abinci sosai, sai dai idon nan ya ƙara rufewa. Jiya ta tsaya ta gaida tulun giya da ladabi, ta zaci kawu ne ya zo.

Wasiƙarki ta watan jiya ta iso, na karanta mata. Kin san yadda muke yi, ke ki rubuto da harshen makaranta, ni in juya mata zuwa namu. Amma Inna ba ta yarda in karanta da muryata. Sai na toshe hanci, na siranta murya, na yi 'yar dariyar nan taki ta tsakiyar magana, sannan ta ce, "Yauwa, ga Liu ta zo." Inda kika yi rowar magana kuwa, kamar yadda kika saba, ni nake cika miki. Ranar nan na ce, "Inna, ina kewar naman aladenki mai lemo, na birni duk ruwa ne." Ta yi murna har da hawaye, Pham kuwa ta ruga waje don kar dariya ta tona min asiri. To ki sani daga yau kina kewar naman alade.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kamfanin waya zai kafa mana ƙarfen sabis a kan tudun da ke bayan gonar lemo. An haƙa ramuka, an zuba siminti, har ƙarafa sun iso ƙasan dutse. Da na gaya wa Inna cewa in ƙarfen ya tsaya za ta ji muryarki ta gaske, ba tawa ta jabu ba, sai ta ce, "Kafin Tet?" Na ce e, kafin Tet, ba za a shiga sabuwar shekararmu ba sai ya tsaya. Tun ranar kullum sai ta sa Nai ta kai ta bakin ƙofa, ta juya fuska wajen tudun, ta tambaya ko ya fara tsawo. Shekara biyar ba ki zo gida ba, Liu. Ba gori nake miki ba, na san nisan hanya da halin aiki. Amma ganinki ya riga ya wuce ta, ji kawai ya rage mata, kuma tsufa ba ya jira.

Sai ga shi aiki ya tsaya cak. Ma'aikata sun naɗe tabarminsu sun sauka. Na tare shugabansu na ce, "Lafiya, maigida?" Ya tofar da yawu ya ce, "Wata mata ce a ofishin zane a Da Nang ta ƙi sa hannu, wai ƙarfen bai yi mata ba." Tunda ke ma aikin zanen hasumiya kike yi a garin nan, ƙila kin san ta. In kin gan ta, ki ja min kunnenta da kyau, ki ce akwai wata tsohuwa makauniya a Po Lin da ke jira.

Yayanki,
Sinh

Da Nang
Oktoba, 2007

Yaya Sinh,

Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Pham da Nai. Ka durƙusa min gaban Inna ka gaishe ta, ka ce na ji labarin tulun giya, kuma kawu ma ba zai ji haushi ba tunda shi da tulun ba su rabuwa. Khoa na gaishe ku. Ni lafiyata ƙalau, sai dai ka ce wa Inna ta fara neman zare: ina da ciki wata uku. Likita ya ce jinina na hawa, ya hana ni doguwar tafiya har sai na sauka. Ka ga ke nan bana ma ba zan zo Tet ba, kuma abin ya dame ni fiye da yadda zan iya rubutawa.

Matar nan da kake so a ja wa kunne, ni ce. Ni na roƙa a ba ni aikin da na ga sunan garinmu a kan takarda, ni kuma na tsayar da shi. Kar ka yaga wasiƙar, ka karanta har ƙarshe.

Zanen da aka kawo muku zanen bakin teku ne. Hasumiya ce mai kyau, irinta sun sha guguwar teku ba su ko rusuna ba. Amma tsirara suke shan iskar. Ƙarafansu sirara ne, iska na bi ta tsakaninsu ta wuce kamar ruwa a kwando. Mutanen ofishinmu kuwa ba su taɓa ganin ƙanƙara ba sai a cikin kofin shayi. Da na ce a sa nauyin ƙanƙara cikin lissafi, shugabanmu ya yi dariya ya ce, "A ƙasar nan, Liu? Ko kin ji an ce Rasha za mu kai ta?" Ban yi dariya ba. Na ce ya ba wani hasumiyar ya sa hannu, ni dai ba da hannuna ba.

Ka tuna shekarar da gajimare ya sauko ya daskare a kanmu, ina 'yar shekara tara? Mun tashi mun ga kowane tsinken ciyawa ya yi kaurin yatsa, ƙanƙara ta tsiro a gefen da iska ke fitowa kamar wutsiyar zakara. Haka za ta yi wa ƙarfe. Wanda bai fi kaurin damtsenka ba zai koma kaurin cinya, ramukan da iska ke bi su toshe, kwandon nan ya zama bango. Ga nauyi na danna ta ƙasa, ga iskar kan tudu na tura ta gefe, ka kuwa san iskar tudun nan ba irin ta kwari ba ce. Ƙanƙara ce babbar maƙiyiyar hasumiyar nan, duk dunƙulen da ya kwana a kanta ƙarfinta yake ci. In ta faɗi, kan gonar lemo za ta faɗi, inda Yaya Pham ke yini.

Saboda haka na sake lissafi, na sa a ƙara kaurin ƙafafu, a zurfafa tushe. Sabbin ƙarafa za su ɗauki lokaci kafin a ƙera su. Ina bin masu ƙira da waya kullum har sun gane muryata sun fara ɓuya. Ina so Inna ta ji ni kafin Tet kamar yadda kake so, ko fiye.

Ƙanwarka,
Liu

Da Nang
Ƙarshen Nuwamba, 2007

Yaya,

Ina fata kowa lafiya. Ni da abin da ke cikina muna nan, ya fara motsi.

Shiru nake ji. Kullum in na dawo aiki sai na leƙa akwatin wasiƙa, Khoa har ya daina tsokanata. In fushi kake yi, ka rubuto ka zage ni, na saba da bakinka. In kuwa Inna ce ba lafiya kake ɓoye min, na rantse ba zan yafe maka ba. An gaya min ƙarafa sun bar masana'anta tun makon jiya. Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Liu

Po Lin
Ƙarshen Disamba, 2007

Ƙanwata mai taurin kai,

Gaisuwa da fatan alheri. Kwantar da hankalinki, Inna lafiya lau. Da ta ji labarin cikin sai da ta sa na kai ta gaban teburin kakanni ta kunna turare ta gaya wa marigayi Baba. Yanzu hular jariri take ɗinkawa da lalube, irin tamu mai 'yan ƙararrawa. Furannin duk sun karkace, amma wanda ya isa ya faɗa mata.

E, fushi na yi, ba zan ɓoye ba. Labari ya bazu cewa 'yar Po Lin ce ta hana Po Lin waya. In na sauka kasuwar Loc Binh sai ka ji ana cewa, "Ga yayan injiniya! Yaya sabis, yana kamawa?" Har wani ya kara takalminsa a kunne yana "Alo, alo" a gabana. Na so in fasa masa baki, Pham ta riƙe ni. Inna kuwa ban karanta mata wannan ɓangaren ba, na ce kin ce ƙarfen farko bai dace da darajarta ba, kin aika a kawo babba.

Amma da sabbin ƙarafan suka zo, bakin kowa ya mutu. Mota ba ta iya hawa gangaren ƙarshe, a kafaɗa muka hau da su, ƙafa ɗaya sai da maza takwas suka ɗauka suna nishi. Mai takalmin nan ma yana ciki, na tabbatar an ba shi wajen nauyin. Yanzu ƙarfenki na tsaye, Liu, kansa cikin gajimare. Na kai Inna a bayana har gindinsa, ta shafa ƙafar ta ce, "Kai, yarinyar nan ba ta yi rowa ba." Na yi alfahari da ke.

Ga wani albishir. Kamfani na neman mai gadi daga gari, ni suka ɗauka. Sun ba ni makullin shinge da hular kwano. Sun ce saura na'urori kaɗan, za su dawo su kunna kafin Tet. Na sayi waya a Loc Binh, lambar na bayan takardar nan. Inna na kwana da ita ƙarƙashin matashi ko da yake wayar ba ta ko tari.

Maganar ƙanƙara kuma na karanta ta ya fi a ƙirga, ta zauna min. Tsofaffi na cewa sanyin bana zai yi tsanani. To kar ki damu, ba zan bar ko dunƙule ɗaya ya kwana a kan ƙarfenki ba. Kin manta yadda Baba ya koya mana? Da hantsi kowa ya ɗauki gorarsa, a bi itatuwan lemo ɗaya bayan ɗaya ana kaɗe ƙanƙara kafin ta karya rassa, dogayen kuma a daki gindinsu da taɓarya, girgiza ta hau sama ta zubo da ita. Haka duk garin nan ke yi, shi ya sa har yau muke da lemo. Na sare gora mafi tsawo a kwarin nan na jingine ta a bayan ɗaki. Ke kin yi naki da biro, ni zan yi nawa da sanda, Inna kuma ta ji 'yarta ranar Tet.

Yayanki, mai gadin injiniya,
Sinh

Da Nang
Janairu, 2008

Yaya Sinh,

Ina gaida kowa, amma ka yafe min, yau ba ni da natsuwar doguwar gaisuwa. 

Kar ka taɓa ƙanƙarar. Kar ka kaɗe ta da gora, kar ka daki ƙarfen da komai, kar ma ka shiga shingen muddin akwai fari a sama. Hasumiya ba itacen lemo ba ce. Lemo bai fi tsayin mutum biyu ba, abin da ya zubo daga kansa a wuya yake shiga ka yi dariya. Wannan mita arba'in da biyar ce. Dunƙulen da ya saki daga can sama ya kai nauyin ɗan alade, kuma kafin ya iso ƙasa ya fi dutse. Hular kwano ba za ta yi maka komai ba. Lokacin da ya fi haɗari shi ne daidai lokacin da Baba ya koya mana, da hantsi, in rana ta taɓa ƙarfe ƙanƙarar ta saki daga ciki.

Abin da na rubuta maka a kan ƙanƙara, dalilin sake zanen nake ba ka, ba aiki nake ba ka ba. Na riga na lissafa ta. Ƙafafun nan da maza takwas suka ɗauka, don ita aka yi su. Ko ta rufe hasumiyar ruf, ko iska ta yi ta kuka a cikinta, ka zauna a gida ka sha giyarka. Ba ta bukatar taimakonka.

Rediyo na cewa sanyi ya sauko arewa. Na buga ofishin gunduma, suka ce hanyar dutse ta daskare, ba mai hawa. Na buga wa kamfani, suka ce mutanensu ma jira suke. Na buga lambarka ina sane da cewa ba za ta shiga ba. Wannan takarda na aiko ta da gaggawa. Yaya Pham, in ke kika fara buɗe ta, ki ɗauki gorar nan ki sa a murhu.

Liu

Po Lin
Fabrairu, 2008

Gwaggon Nai,

Ni ce Pham. Na sa sunan Khoa a bayan ambulan don ya fara karantawa ya zaunar da ke. Ki yi haƙuri da rubutuna, aji huɗu na yi. Ina gaishe ki, ina fata cikin lafiya. Ni da Nai da Inna muna nan da rai.

Yayanki ya rasu. Mun binne shi kafin Tet, kusa da Baba. Mutumin gunduma ya ce zai buga miki waya, na hana, ban so ki ji daga bakin baƙo da ciki a jikinki.

Zan gaya miki yadda aka yi, don na san za ki tambaya. Sanyin da aka yi ko Inna ta ce ba ta taɓa jin irinsa ba. Gajimare ya zauna a kanmu ya ƙi tashi. Mun rufa wa ɓauna buhuna, mun hura wuta a garke, duk da haka ɗanta ya mutu. Ƙarfen ya yi fari fat, gefe ɗaya ya tsiro da ƙanƙara tsawon hannu, in iska ta taso sai ki ji yana gurnani har cikin gida. Sinh ya kasa cin abinci. Yana ta cewa, "Kin ji? Nauyi ya yi masa yawa. In ya faɗi, da wane ido zan dubi Inna?"

Ranar farko ya tafi da gora, ya dawo ransa a ɓace, wai ko gwiwar ƙarfen bai kai ba. Washegari ya ɗauki taɓaryar da muke dakan shinkafar Tet. Ya daki ƙafar, ƙanƙara ta zubo, iska ta kwashe ta gefe. Ya dawo yana dariya kamar yaro, ya ce, "In an kunna waya ki tuna min in gaya wa Liu na rage mata kaya." Ni ma na yi dariya. Ban ga laifin abin ba, haka muke yi wa lemo tun ina ƙarama.

Ranar da abin ya faru rana ta fito, iska ta kwanta. Na zuba masa kunun shinkafa na ce, "Baban Nai, kai dai ka ci tukuna." Ya ce, "Ajiye min a bakin murhu, yanzu zan dawo. Yau za ta zubo da sauƙi." Ya sa hular kwanonsa ya fita. Ina cikin gonar lemo da mata muna kaɗa namu, na ji bugun taɓarya daga sama, sai kuma wata ƙara kamar ɗaki ya rushe. Daga nan ban sake jin taɓarya ba. Da muka hau, hular ta rabu biyu. Bai sha wahala ba, Liu, wannan kam na gani da idona.

Da hanya ta buɗe, mutanen kamfani suka hau, su suka taho da wasiƙarki daga gidan waya na ƙasa. Na tambayi babbansu, "Da an bar ƙanƙarar fa, da ya faɗi?" Ya sunkuyar da kai ya ce ko ninkinta ne ƙarfen zai ɗauka. Ba zan yi miki ƙarya ba, a lokacin na ji haushinki, na ce me ya kai ki tsorata shi da abin da kin riga kin yi maganinsa. Sai na buɗe wasiƙar na ga inda kika ce in sa gorar a murhu. Na zauna a ƙasa na yi kuka, haushin ya fita, ya bar ni da baƙin ciki kawai.

Wasiƙar tasa ce, ba tawa ba. Na kai ta kabarinsa na ƙona tare da takardun da ake ƙona wa mamata, don ta isa hannunsa ko da a makare.

Sun ce za su kunna ƙarfen cikin makon nan. Wayar na nan ƙarƙashin matashin Inna.

Matar yayanki,
Pham

Da Nang
Maris, 2008

Yaya Pham,

Ina gaishe ki, ina yi miki gaisuwar rashin da muka yi. Ki rungume min Nai. Khoa na gaishe ku, shi yake riƙe da ni. Likita ya ce in na hau jirgin ƙasa zan iya rasa ɗan, don haka ko kabarin yayana ba zan gani ba sai bayan na haihu. Ba na iya barci, ba na iya duban zane. Na kai takardar hutu ofis, shugabanmu ya fara yabon lissafina, na fita na bar shi yana magana. Na gode da kika ƙona masa wasiƙar. Ban san abin da zan ce a kan wannan ba sai na gode.

Akwai abin da ya hana ni sukuni. Ranar da na buga, kika ɗauka, kika ce bari ki ba Inna. Na yi kwanaki ina shirya maganar a bakina, amma harshenmu ya yi min nauyi, tun ina shekara goma sha biyu nake cikin na makaranta. Na ce, "Inna, ni ce Liu." Na gaishe ta, na tambayi jikinta, na ce ta yi haƙuri. Ina jin numfashinta. Na ci gaba da magana ina tuntuɓe, sai na ji ɗif. Na sake bugawa, tana shiga ba a ɗauka. Washegari ma haka.

Layin ne ya yanke? In ƙanƙarar da ta zubo ta goce da wata na'ura, ki gaya min in sa a hau a gyara. Yayana ya ba da ransa don Inna ta ji ni, ba zan iya jure a ce ko wannan bai yiwu ba. Ta ji ni kuwa? Me ta ce?

Ƙanwarki,
Liu

Po Lin
Maris, 2008

Gwaggon Nai,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Sanyi ya tafi, rabin lemon ya tsira, ya fara toho. Nai ta koma makaranta. Inna ta gama hular, na sa ta cikin ƙunshin nan, ki yi haƙuri da furannin.

Layi bai yanke ba. Ƙarfenki lafiya lau yake, duk gari na waya, har mai takalmin nan ya sayi tasa. Na daɗe ina juya yadda zan gaya miki, na ga gara in faɗa yadda yake.

Inna ta ji ki. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta saurara har kika yi nisa. Sai ta miƙo min ita, ta ce, "Wace ce wannan?" Na ce, "Inna, Liu ce mana." Ta ce, "A'a. Yarinyar na da ladabi, amma ba Liu ba ce. Liu ba ta in'ina. Liu ta hanci take magana, tana dariya a tsakiya, kuma ba ta taɓa yin sallama ba ta tambayi naman aladena ba." Ni na kashe wayar, don na kasa riƙe kukana kuma ban so ki ji. Da kika sake bugowa na kai mata, ta kau da kai ta ce a bar damun baƙuwar mutane.

Kar ki zaci hankalinta ya gushe. Ta san Sinh ya mutu, ita take kunna masa turare kowace safiya. Jiya muna zaune a bakin ƙofa ta ce min, "Pham, da yaron nan ya tafi, 'ya'ya biyu ya tafi min da su." Na ce, "Haba Inna, Liu na nan da ranta, ga jika ma na tafe." Ta ce, "To me ya sa ta daina zuwa?"

Na san wannan zai yi miki zafi, ni ma ya yi min. In kin haihu kin samu ƙarfi, ki zo ta shafa fuskarki, ƙila hannunta ya gane abin da kunnenta ya ƙi. Amma kafin nan akwai watanni, kuma ta rage cin abinci.

Saboda haka ki bar bugowa, ki rubuto. Ki rubuto wa Inna kamar da, da manyan baƙaƙe don in iya karantawa. Na sha zama ina kallon yadda yake yi, na san inda yake sa dariyar. Kwanan nan in na je ba aladu abinci nakan tsaya a bayan garke in toshe hanci in gwada. Bai yi kama ba tukuna. Shekaranjiya Nai ta ji ni ta rugo da gudu tana kiran babanta, da ta ga ni ce ta juya ta koma ɗaki.

Ki sa maganar naman alade da kanki, don ni ban iya ƙari ba.

Matar yayanki,
Pham